Abin da Hukuma ta Saya a Ƙasar Tamaske

Malamai magabata sun yi ittifaƙi a kan cewa dukiyar baitulmali amana ce a hannun mai mulki, ba ya halatta ya kashe ta sai inda maslahar jama'a take. Amma ba kasafai ake lura ba cewa duk abin da hukuma ta nema da kuɗinta, ko da ikonta, alamarsa takan fito a doron ƙasa, ko da bayan shekaru ne, kuma wanda ke son ya ga haka da idonsa, to ya hau duwatsun Adar da ke kewaye da Tamaske.

A zamanin Nasara ba a cika saye ba, karɓa ake yi. Kwamanda ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, a kawo itace da azara da gero da majiya ƙarfi, ba mai tambayar dajin da aka saro su, har aka soke aikin dole a 1946. Daga baya jama'a ta ƙaru, gonaki suka hau tudu, gatari bai huta ba, sa'an nan fari ya zo a 1973, ya komo a 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, sai tuddan da dattawa suka sani da duhuwa suka zama fako, ruwan sama in ya sauka ya kwashe ƙasa ya zarce ƙorama.

A wannan shekara ta 1984, wadda a cikinta aka yi taron Maraɗi kan yaƙi da hamada a mulkin Seyni Kunce, aka buɗe aikin raya ƙasa na Keita, wanda ya haɗa da ƙasar Tamaske, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne irin hajar da aka zaɓi a saya, domin kuwa ko da yake an shigo da motoci da taraktoci, babban cinikin gumin mutanen ƙasa ne, ana biyansu da abincin da hukumar abinci ta duniya, PAM, ke bayarwa. Da yake maza sun tafi biɗa Najeriya da Kodebuwa, mata ne mafi yawa a fagen aikin, su ke ɗauko dutse a ka, su jera shi ya tare ruwa, su haƙa ramu a jikin tudu, su dasa bagaruwa da kandili. Dutsen na wurin ne, ba a sare komai ba kafin a same shi. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an raya ƙasa fiye da hekta 30,000, aikin kuma ya kai har Buza da Abalak.

Abu ɗaya ke damuna, shi ne yawancin abincin ladan daga ƙetare aka yi jigilarsa, alhali da a shekarun albarka an auna shi daga rumbunan manoman Madawa da kwarin Majiya, da kuɗin ya zaga sau biyu a ƙasa ɗaya. A kwarin Majiyar nan ne ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975, waɗanda bayan sun girma mutanen ƙauyuka suka riƙa sassabe rassansu bisa ƙa'ida, suna samun itacen rufi da na girki daga bakin gonakinsu.