Kwalara a Ƙasarmu: Tarihin Annoba Mai Sauya Riga

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Shi ya sa a fitowar bana muka ga ya dace mu waiwayi wata muguwar baƙuwa da ta daɗe tana ziyartar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, musamman da damina, wato kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa.

Annobar da duniya ke fama da ita a yau ta faro ne daga tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya a 1961. Ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Nijeriya ta wajen Legas a ƙarshen shekarar. A 1971, muna yara, ta kama mutum fiye da 22,000 a ƙasar nan, ta kashe kusan 3,000. A 1991, muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, an rasa rai fiye da 7,000 a Nijeriya. A 2021 kuwa, waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 110,000, mamata sun haura 3,600. Zamfara na cikin jihohi huɗu da abin ya fi yi wa ɓarna, tare da Bauchi da Jigawa da Kano, garuruwanmu uku kuma ba su tsira ba.

To, mene ne sirrin ƙarfin wannan cuta? Masana sun gano cewa wani ɓangare nasa yana jikin ƙwayar cutar ne, wadda suke kira Vibrio cholerae. Bayanta lulluɓe yake da wasu sarƙoƙi na sinadarai dangin sukari, tamkar riga. Ba sukarin shayi ba ne, dangantakar ta sinadari ce kawai. Rigar nan ita ke kare ƙwayar daga ruwan matsarmama da sauran makaman hanji, har ta samu ta zauna, ta hayayyafa, ta saki dafin da ke tsiyaye ruwan jikin mutum. Da masu bincike suka tuɓe mata rigar a ɗakin gwaji, sai ta kasa zama a hanji yadda ta saba.

Ta wannan riga ce kuma ake rarrabe iyalanta. Akwai iri fiye da 200, amma biyu kaɗai ke haddasa annoba: O1 da O139. Wadda ke addabarmu O1 ce, mai rassa biyu, Ogawa da Inaba, bambancinsu kuwa ɗan ƙaramin sauyi ne a ƙarshen sarƙar. Garkuwar jikinmu ma da rigar take gane abokiyar gaba, haka nan rigakafin da ake ɗigawa a baki matattun ƙwayoyi ne masu sanye da ita, domin jiki ya shaida su.

Abin da ya faru a 1992 darasi ne. A birnin Madras na Indiya ƙwayar ta bayyana da sabuwar riga, wato O139, ta bazu zuwa Bangaladash, ta kwantar da manya waɗanda jikinsu ya saba da tsohuwar. Ba ta zama annoba a Afirka ba, amma ta nuna cewa tsira daga annobar jiya ba lamuni ba ce ga gobe. Kariyar rigakafin ma ta 'yan shekaru ce.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa mazauna Kaduna da Abuja da Legas, kowace riga ta sa, hanyarta ɗaya ce: bayan gida ya gurɓata ruwan sha ko abinci. Ku da kuke buɗe famfo a gida, ku tuna da dangin da ke ɗiba daga gulbi da rijiya marar murfi, da waɗanda rashin tsaro ya koro cikin gari suka cunkushe wuri guda. Wanda ya tashi yi wa gida alheri, ya sa rijiyar burtsatse da masai a gaba, ya haɗa da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a cikin tsarabarsa. A koya wa mutanen gida su soma bai wa majinyaci wannan ruwa nan take, sannan a garzaya da shi asibiti, domin kwalara na iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i kaɗan. Rigakafi, in ji magabata, ya fi magani.