Kura da Shan Bugu: Tarihin Roka Mai Gaɓa-Gaɓa

Sau da yawa idan ana hirar tafiya sararin samaniya, nakan ji ana ta yabon kumbo, amma da wuya a tuna da rokar da ta ɗauke shi. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka na ga ya kyautu in ɗan taɓo tarihin wannan kura a mujallarmu.

Da farko dai, kafin kumbo ya kuɓuta daga jan da duniya ke yi masa, sai gudunsa ya haura kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya. Irin wannan gudu kuwa sai da mai mai ɗimbin yawa, ga shi man nauyi gare shi, haka ma tankin da ke riƙe da shi. Ashe ke nan ƙarin mai ƙarin kaya ne.

Daga cikin waɗanda suka fara warware wannan ƙulli akwai Konstantin Tsiolkovsky, wani malamin makaranta a garin Kaluga na ƙasar Rasha, wanda ciwo ya raunana masa ji tun yana yaro. A 1903 ya fitar da lissafin gudun roka, a 1929 kuma ya ba da shawarar a harhaɗa rokoki kamar taragun jirgin ƙasa. A Amurka ma Robert Goddard ya yi rajistar irin wannan dabara tun 1914. Dabarar ita ce a yi roka gaɓa-gaɓa kamar rake. Gaɓar ƙasa ta kama wuta ta tura sauran, idan manta ya ƙare a yar da ita, ta sama da ita ta karɓa. Watau kullum kaya na raguwa, gudu na ƙaruwa.

A 1949 Amurkawa suka ɗora wata 'yar roka a kan V-2 ta Jamusawa, suka harba, ta yi sama kusan kilomita 400. A 1962 kuma roka mai suna Atlas-Agena ta tura kumbo Mariner 2, ya gifta ta kusa da tauraruwa Zahra, ya zama na farko da ya aiko da bayani daga kusa da wata duniya.

Amma a ganina babu labarin da ya fi nuna darajar gaɓoɓin nan kamar na Voyager 1. Ran 5 ga Satumba, 1977 aka harba shi daga jihar Fulorida, kumbon da bai cika tan ɗaya ba, a kan rokar da ta haura tan 600. Ana cikin tafiya sai gaɓa ta biyu ta mutu tun lokacinta bai yi ba. Nan take gaɓar ƙoli, wadda ake kira Centaur, ta ƙara tsawon aikinta don ta cike giɓin. Ko da ta gama, man da ya rage mata bai wuce na daƙiƙa 3.4 ba. Da ya ƙare, da aikin shekaru ya tashi a banza.

Sai ga shi kumbon ya isa Mushtari a 1979, ya isa Zuhal a 1980, a 2012 kuma ya shiga sararin da ke tsakanin taurari. Sunansa ya game duniya, alhali gaɓoɓin da suka fara ɗaga shi sun faɗa teku tun ranar farko.

Daga ƙarshe, ina roƙon 'yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da muka ji an ce kumbo ya kai wata duniya, mu riƙa tambaya: wa ya goya shi, ina kuma aka yar da shi? Allah ya ƙara mana basira, amin.