Hannun Kano: Daga Allon Zango Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya yi karatun allo a wurin tsofaffin malaman Nima ko Maamobi ya san wani rubutu mai kauri, baƙi wuluk, wanda ake yi da alƙalamin kara da tawada. A cikinsa ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, saɓanin bugun Masar da Saudiyya. Ana kiransa rubutun Kano, kuma reshe ne na rubutun Magrib.

Fataucin goro ne ya kawo shi ƙasar Gana. Ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sun riƙa tafiya da malamai, malamai kuwa ba sa rabuwa da gafaka. Fitacce a cikinsu shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajamin Hausa. A shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara ɗimbin irin waɗannan takardu.

Da injin ɗab'i ya zo, sai aka tarar haruffansa na Larabawan gabas ne. Madaba'un Kano suka sami dabara: gwani ya rubuta littafi da hannunsa, a ɗauki hoton shafukan, a buga. Haka rubutun ya rayu a kasuwa. Amma zuwan kwamfuta da wayar hannu, ga kuma makarantun Islamiyya masu karatu da bugun gabas, ya sa yara suka fara baƙunta da hannun kakanninsu.

A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa rubutun hannu na yankin Kano. Kyauta ake sauke su, kamar ɗan'uwansu Harmattan, wanda aka tsara domin ajamin Afirka ta Yamma.

Inji dai ba zai gaji gwani ba, domin duk alif ɗin da ya buga iri ɗaya ne. Amfaninsa shi ne idon yaro ya saba da siffar. Idan malaman Zango suka buga darussa, sanarwar maulidi da allunan makarantu da waɗannan haruffa, jikan da ya buɗe akwatin kakansa zai iya karanta wasiƙun da ke ciki. In ba haka ba, takardun za su tsira, masu karanta su su ƙare.