Ɗan majalisar jiha da dokokin tsaron al'umma

Sashe na 4(7) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa majalisar dokokin jiha ikon kafa dokoki domin wanzar da zaman lafiya da kyakkyawan mulki a jiharta. Sai dai sashe na 214 ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda baya ga ta tarayya. A tsakanin waɗannan sassa biyu ne ɗan majalisar jiha yake gudanar da aikinsa na tsaro.

Saboda haka jihohi ke kafa dakarun da ke tallafa wa jami'an tarayya. A 2020 majalisun Ondo, Oyo, Ogun, Osun da Ekiti suka zartar da dokokin kafa Amotekun. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara kuma ta fito da Askarawa a Janairun 2024.

Ɗan majalisa na iya gabatar da ƙudiri da kansa, sannan a yi masa karatu uku. Gwamna na da kwana 30 ya sanya hannu. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar na iya mayar da ƙudirin doka. Majalisar ce ke amincewa da kasafin waɗannan dakaru, kuma sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar ayyukansu.

Kafa 'yan sandan jihohi kuwa na buƙatar gyaran kundin, wanda ba ya tabbata sai da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36.