Daga Lakwaja Zuwa Kaduna: Yadda Hedikwatar Arewa Ta Yi Ta Ƙaura

Galibin ɗalibanmu sun ɗauka cewa tun fil azal Kaduna ce cibiyar mulkin Arewa. Alhali kuwa sai da Turawa suka yada zango a garuruwa uku kafin su kafa ta.

A Lakwaja ne Gwamna Lugga ya sa aka ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900. A lokacin kogi shi ne hanya, don haka duk inda jirgin ruwa bai kai ba, Bature bai iya zama. Wannan dalili ne ya sa aka fara ajiye hedikwata a Jabba, bakin Kwara. Amma Jabba ta yi nisa da masarautun da Lugga ke hari, sai a 1902 ya matsa zuwa Zungeru, a gaɓar Kogin Kaduna. Daga nan ne ya shirya yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903.

Zungeru ta cika ta batse da sojoji da akawuna da leburori daga kowace kusurwa. A can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, domin mahaifinsa akawun gwamnati ne. Sai dai zafi da sauro sun addabi Turawa. Da dogo ya isa Kano a 1911, darajar kogi ta faɗi, Lugga ya hango wani fili a ƙasar Gwari inda dogo ya ƙetare Kogin Kaduna. Wurin ga ruwa, ga sarari, ga shi kusa da Zariya, uwa uba kuma babu fadar wani babban sarki da za a yi gogayya da ita. Zuwa 1917 gwamnati ta tare a Kaduna.

To, me ya sami garuruwan da aka bari? Lakwaja ta zama wurin ajiye sarakunan da aka tuɓe; a can Sarkin Kano Alu ya rasu a 1926. Zungeru kuwa kufai aka bar mata, har ƙaramar gadar Lugga ma an ciro ta a 1954 aka kai Kaduna. A maƙwabta ma haka ta faru, yayin da Faransawa suka ɗauke hedikwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Sai dai Damagaram tana da sarautarta da kasuwarta tun kafin zuwan Bature, shi ya sa ba ta durƙushe ba. Garin da gwamnati ta haifa shi ke zama maraya ranar da ta tashi.

'Yan'uwa marubuta, rahotannin Turawa sun adana ranaku da sunayen gwamnoni, amma ba su ce komai ba game da leburan da ya sare dajin Kaduna, ko matar sojan da ta biyo mijinta da ƙullin kayanta a ka, ko Bagwarin da gonarsa ta koma bariki. Jikokinsu na nan da rai. A je a tambaye su tun ba su bi iyayensu ba.