Wuƙar Aljihu: Daga Okapi Zuwa El Baraka

Wuƙar da iyayenmu suka sani tun asali ita ce mai kube, wadda maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata gida, a ɗaura ta a damtse ko a soke a ƙugu. Mai naɗewa kuwa, in ka ɗebe askar wanzamai, yawancinta baƙuwa ce, jirgin ruwa ya kawo ta. Sai dai ta zauna da mu har ta zama 'yar gida: da ita ake yanke igiyar kaya, a ɓare lemo, malam ya feƙe alƙalami. Yanzu da wasu matasanmu suka fara sha'awar tara irin waɗannan tsofaffin wuƙaƙe, ya kamata su san abin da suke tarawa.

Mu fara da Okapi. A shekarar 1902 aka fara ƙera ta a Solingen ta ƙasar Jamus, garin da ya yi suna wajen takubba da wuƙaƙe, kuma tun farko don kasuwar Afirka aka yi ta. Sunan ma na wata dabba ce ta dajin Kwango, 'yar uwar raƙumin dawa, wadda Turawa ba su tabbatar da ita ba sai a 1901. Ka ga dabarar ɗan kasuwa ke nan, ya ɗauki sunan da ke tashe. Ƙotarta katako ce, wata da adon wata da taurari, ga zobe a baya wanda sai ka ja shi kafin ruwan wuƙar ya koma ciki. A 1988 wani kamfani na Afirka ta Kudu ya sayi sunan da injunan, ƙira ta koma can. To, a nan mai tarawa zai buɗe ido: wadda aka buga wa sunan Jamus a gindin ruwanta ta girmi wadda aka buga wa Afirka ta Kudu, in dai ba jabu ba ce, don jabun ma sun cika kasuwa.

Amma a ganinmu wadda labarinta ya fi daɗi ita ce Douk-Douk ta Faransa. Wani mutum mai suna Gaspard Cognet ya fito da ita a garin Thiers a 1929. Ba ta da wani ado: fallen ƙarfe ne aka ninke ya zama ƙota, sai ruwa, sai ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, sai ƙusa biyu da marataya. Shi ke nan. Don tsibiran Melanesiya aka yi ta, shi ya sa aka zana hoton dodonsu a jikin ƙotar, amma ciniki bai yi ba. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan ciwo, kaya sun zo, mai saye bai zo ba. Sai Cognet ya juya akalarta zuwa Arewacin Afirka, inda arha da kaifi suka sa ta shiga kusan kowane aljihu a Aljeriya. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954, hukumar Faransa ta ga wuƙar da 'yan ƙasarta suka ƙera ta zama makami a hannun masu yaƙarta, sai ta hana shigar da ita can, kaya suka gangaro wasu kasuwannin Afirka.

Akwai kuma ƙanwarta, El Baraka, da aka yi saboda Musulmi waɗanda ba su son hoton dodo a aljihu. A madadinsa aka sa zanen nan na Agadas, wanda maƙeran Buzaye ke yi da azurfa ana ratayawa a wuya. Wato ado ya tashi daga Azbin ya je Faransa, ya komo mana a jikin wuƙa. Wanda ya sami tsohuwar El Baraka a akwatin kakansa, kada ya kuskura ya ba 'yan gwangwan.

Opinel ma ta Faransa ce, Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, amma zoben da ke kulle ruwanta sai a 1955 aka ƙara, saboda haka rashinsa na iya zama alamar tsufa.

Abin da ke ba mu takaici shi ne yadda ake lalata su da sunan gyara. Tsofaffin nan ƙarfensu mai yin baƙi ne, ba irin wanda ba ya tsatsa ba, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913. Baƙin nan ba aibu ba ne. Yaro ya kai wa mai injin wasa wuƙa, a goge ta tas, tambari ya tafi, an rasa shaidar gari da zamani ke nan gaba ɗaya. Ɗan mai da tsumma sun isa. Sannan a tambayi dattijon da ya riƙe ta inda ya saya da abin da ya biya, a rubuta a takarda a ajiye tare da ita tun yana da rai. Kuma a gida ake ajiye su, a cikin akwati. Mu da ke zaune a garin wasu mun san abin da wuƙa a aljihun Bahaushe ke jawowa a shingen bincike, ko da ta 1930 ce.