Aisin Da Aka Daina Ƙerawa: Tarihin Farautarsa a New Bell

Duk wanda ya san Duwala ya san New Bell unguwar baƙi ce. Jamusawa ne suka yanke ta a farkon shekarun 1910, lokacin da suka ƙwace filayen ƙabilar Duwala na bakin kogin Wuri. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Masu ƙasa ba su so komawa sabuwar unguwar ba, sai baƙi suka cika ta: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. Kakanninmu sun zo da fataucin goro, tufafi da fawa. A ganina, irin idon da suke tantance goro da shi, da shi jikokinsu masu gyara suke tantance aisi a yau.

Aisi shi ne ɗan baƙin ƙwaron nan mai ƙafafu da ke manne a fanel ɗin na'ura, wanda dubban tiransisto ke cushe a cikinsa. A 1975 kamfanin MOS ya fitar da 6502, a 1976 Zilog ya fitar da Z80. A kan Z80 aka gina kwamfutar Amstrad CPC ta 1984, wadda ta samu karɓuwa sosai a Faransa.

Shekarar 1994 ta zo da abubuwa biyu. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, sabon kaya daga Turai ya fi ƙarfin talaka, shagunan gwanjo da ake kira burokant suka ƙara kasuwa. A watan Afrilu kuma kamfanin Commodore ya durƙushe, aisin sauti na Commodore 64, wato SID, ya zama sai dai a ciro daga wata gawar na'ura. Sai ga shi a 2024 Zilog ma ya sanar da daina ƙera Z80 na asali, bayan shekara 48.

To ina mai gyara zai dosa? Hanyoyi uku na sani. Ta farko, ya sayi mataccen fanel a gwanjo, ya narkar da dalma ya zare aisin a hankali, don zafi in ya yi yawa kashe shi yake. Ta biyu, ya yi saƙo Kasuwar Alaba ta Legas. Ta uku, ya yi oda daga Chaina ta intanet, kuma nan ne tarko yake: akan kankare bayan tsohon aisi, a shafa baƙin fenti, a buga sabuwar lamba. Ko sojan Amurka bai tsira ba, domin rahoton Majalisar Dattawansu na 2012 ya gano kayayyaki fiye da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne a cikin kayan yaƙinsu. Shi ya sa gwanaye ke goga asiton a bayan aisi; in auduga ta yi baƙi, an yi masa fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen tagulla suna riga masu gyara isa ga tsofaffin fanel, su farfasa su a kan kuɗi kaɗan. Kowane fanel da aka fasa, an rasa aisin da ba za a sake ƙerawa ba. Don haka mai tsohuwar na'ura a ɗaki, kafin ya miƙa wa ɗan gwangwan, ya fara nuna wa mai gyara.